George Washington Gale Ferris Jr.

George Washington Gale Ferris Jr. (an haife shi ranar 14 ga Fabrairu, 1859, ya mutu ranar 22 ga Nuwamba, 1896) injiniyan gine-gine ne ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da katafaren lilon ƙarfe mai juyawa da ya tsara kuma ya gina domin Baje Kolin Duniya da aka yi a birnin Chicago a shekarar 1893. Tsayin lilon ya kai ƙafa 264, wato kimanin mita 80, kuma yana ɗaukar mutum 2,160 a lokaci guda. Daga wannan aiki ne irin wannan lilo ya samo sunan da ake kiransa da shi a harshen Ingilishi har yau. Ferris ya mutu yana da shekara 37, cikin bashi da shari'o'i, shekara uku kacal bayan aikin da ya ɗaukaka sunansa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Ferris a garin Galesburg da ke jihar Illinois. Sunan mahaifinsa George Washington Gale Ferris, shi ya sa ake ƙara wa sunan ɗan alamar Jr., wadda ke nufin ƙarami. Sunan mahaifiyarsa Martha Edgerton Hyde. Uban da ɗan duka sun ci sunan George Washington Gale ne, wani malamin coci wanda ya jagoranci kafa garin Galesburg da kwalejin Knox da ke cikinsa. Dangin Ferris suna cikin mutanen farko da suka taso daga jihar New York suka zauna a garin.

A shekarar 1864, lokacin da yaƙin basasar Amurka bai ƙare ba, mahaifinsa ya sayar da gonarsa ta kiwon shanun madara, ya kwashi iyalinsa suka nufi yamma. Ferris yana da shekara biyar a lokacin. Sun sauka a Nevada, wadda a wannan shekarar ce ta zama jiha, kuma mutane na ta kwarara cikinta saboda azurfar da aka gano a yankin. Iyalin sun yi shekara biyu a kwarin Carson suna noma da kiwo, daga baya suka koma cikin garin Carson City, babban birnin jihar. Daga 1868 zuwa 1890 mahaifin ne ya mallaki gidan da yanzu ake kira Sears-Ferris House. Mutum ne mai sha'awar shuke-shuke, kuma shi ya kawo da yawa daga cikin itatuwan da aka dasa a garin a shekarun 1870 daga gabashin ƙasar. Yayar Ferris mai suna Margaret ta auri H. F. Dangberg, wani babban makiyayi a kwarin Carson.

Mutanen Nevada suna da labarin da suke bayarwa cewa tun yana yaro Ferris yakan tsaya yana kallon wani wilin ɗiban ruwa da ke bakin kogin Carson, kusa da gadar Cradlebaugh, wanda ke juyawa yana ɗaga ruwa da bokitai, kuma daga nan ne tunanin lilon ya fara shiga ransa. Labari ne na baka da ya yaɗu bayan ya yi suna.

Karatu

Ferris ya bar Nevada a 1875 ya shiga makarantar horon soja ta California da ke Oakland, ya gama a 1876. Daga nan ya tafi Rensselaer Polytechnic Institute a garin Troy na jihar New York, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun koyon aikin injiniya a Amurka. Makarantar ta yi suna wajen yaye maginan gadoji. A nan Washington Roebling, wanda ya kammala gadar Brooklyn, ya yi karatu. Ferris ya sami digirinsa na injiniyan gine-gine a 1881.

Aikin layin dogo da gadoji

Bayan karatu ya fara aiki da kamfanonin shimfiɗa layin dogo. Ya yi aikin awon hanya da haƙa ramukan da jirgi ke ratsa duwatsu ta cikinsu a jihar West Virginia, sannan ya koma aikin gadoji da wani kamfani na garin Louisville, inda ya yi aiki a kan gadojin kogin Ohio.

A wannan zamani ne maginan Amurka suke barin baƙin ƙarfe suna komawa ga tataccen ƙarfe, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin nauyi idan aka kwatanta da abin da yake iya ɗauka. Matsalar ita ce ingancinsa yana bambanta daga wannan masana'anta zuwa waccan, kuma ƙarfe ɗaya mai aibi yana iya jawo rushewar gada. Ferris ya ga akwai buƙatar masu gwada ƙarfe kafin a yi aiki da shi. Ya kafa kamfanin G. W. G. Ferris & Co. a Pittsburgh, cibiyar masana'antun ƙarfe ta Amurka, domin gwadawa da duba ƙarafa ga kamfanonin jirgin ƙasa da maginan gadoji. Wannan sana'a ta sa ya san masu masana'antu da yawa, ya kuma san iyakar nauyin da kowane irin ƙarfe zai ɗauka. Abubuwan nan biyu su suka taimake shi daga baya, lokacin da ya buƙaci a ƙera masa dubban sassa cikin 'yan watanni.

A 1886 ya auri Margaret Ann Beatty, 'yar garin Canton a jihar Ohio. Sun zauna a Pittsburgh, kuma ba su haihu ba.

Ƙalubalen baje kolin Chicago

A 1889 Faransa ta shirya baje kolin duniya a birnin Faris, inda aka gina hasumiyar Eiffel mai tsayin mita 300, wadda ta zama gini mafi tsayi a duniya a lokacin. Da Amurka ta tashi shirya nata baje kolin, domin cika shekara 400 da isar Christopher Columbus nahiyar a 1492, sai aka ba birnin Chicago. Masu shirin sun so a samu abin da zai ja hankalin duniya kamar yadda hasumiyar Faris ta yi. Daniel Burnham, masanin zanen gine-gine wanda ke shugabantar ayyukan filin, ya yi wa injiniyoyin ƙasar gori a wajen wata liyafa cewa har yanzu ba su kawo wani sabon abu da ya dace da bikin ba. An kawo shawarwarin hasumiyoyi iri-iri, har Gustave Eiffel da kansa ya nemi a ba shi dama ya gina wadda ta fi ta Faris tsayi, amma injiniyoyin Amurka suka ƙi yarda a ba baƙo aikin.

Ferris yana zuwa Chicago a lokacin saboda kamfaninsa na duba ƙarafan gine-ginen baje kolin. Daga baya ya gaya wa 'yan jarida cewa a wajen cin abinci da abokansa injiniyoyi ne ya zana lilon a takarda, har da girmansa da yawan taragunsa da kuɗin hawa. Da ya gabatar da shirin, masu shirya bikin suka ƙi, domin suna ganin abu mai siraran ƙarafa haka ba zai iya ɗaukar nauyin kansa da na dubban mutane ba, balle ya jure iskar da ke tasowa daga tafkin Michigan. Ferris ya kashe kimanin dala 25,000 daga aljihunsa wajen zane da lissafi, ya samo sanannun injiniyoyi suka duba suka tabbatar cewa ginin zai tsaya, ya kuma tara masu zuba jari da za su ɗauki nauyin aikin, wanda aka ƙiyasta zai ci kusan dala 400,000. A ranar 16 ga Disamba, 1892 aka ba shi izini. Saura wata huɗu da rabi ke nan a buɗe baje kolin.

Ba a ba shi wuri a cikin babban filin Jackson Park ba, inda manyan gine-ginen bikin suke. An kai shi Midway Plaisance, wani dogon fili da aka ware domin wasanni da nishaɗi. A wannan fili ne aka gina kwaikwayon wani titi na birnin Alƙahira, da wani ƙauye da aka zaunar da mutanen Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, domin 'yan kallo. Yarjejeniyar ta tanadi cewa kamfanin Ferris zai riƙe dala 300,000 na farko daga kuɗin tikiti, abin da ya biyo baya kuma a raba shi biyu da hukumar baje kolin.

Gina lilon

An fara haƙa harsashi a tsakiyar hunturu mai tsanani. Ƙasa ta daskare har zurfin kusan ƙafa uku, sai da aka fasa ta da nakiya, ƙarƙashinta kuma aka tarar da jiƙaƙƙen yashi mai zurmawa. An riƙa janye ruwa da famfo dare da rana, ana kuma hura tururi cikin ramin don kada kankaren ya daskare kafin ya kama. Harsashin ya nutsa kimanin ƙafa 35 cikin ƙasa. A kansa aka kafa hasumiyoyi biyu na ƙarfe, kowace mai tsayin ƙafa 140, su ne suka riƙe lilon.

Saboda ƙarancin lokaci babu masana'anta ɗaya da za ta iya ƙera komai, don haka Ferris ya rarraba aikin ga kamfanoni da dama, aka riƙa kawo sassan ta jirgin ƙasa. Aksul ɗin, wato sandar ƙarfen tsakiya da lilon ke juyawa a kanta, kamfanin Bethlehem Iron Company ne ya ƙera shi. Tsawonsa ƙafa 45 da rabi ne, kuma idan aka haɗa da manyan faya-fayan ƙarfe biyu da aka ɗaura masa nauyinsa ya kai kusan tan 71. A lokacin ana ɗaukarsa a matsayin ƙarfe mafi girma da aka taɓa ƙerawa a dunƙule guda. Luther Rice ne ya kula da aikin haɗawa a filin, shi kuwa William F. Gronau, abokin aikin Ferris, shi ya yi yawancin lissafin nauyin da kowane sashe zai ɗauka.

Tsarin lilon irin na ƙafar keke ne. A ƙafar keken shanu, katakan da ke tsakanin cibiya da baki masu kauri ne, kuma nauyi yana danna su. A ƙafar keken hawa kuwa siraran wayoyi ne da aka ɗaure tamau, kuma jan da suke yi ne ke riƙe da'irar. Ƙarfe siriri yana lanƙwashewa idan an danna shi, amma yana jure ja mai yawa. Ferris ya bi wannan hanya ta biyu, ya haɗa bakin lilon da cibiyarsa da sandunan ƙarfe masu kaurin inci biyu da rabi. Wannan ya rage nauyin ginin ƙwarai, ya kuma bar iska tana ratsawa ta tsakaninsa. Faɗin da'irar ƙafa 250 ne, kimanin mita 76.

Injin tururi mai ƙarfin doki 1,000 ne ke juya lilon, akwai kuma na biyu irinsa a ajiye ko da na farko zai lalace. Tukwanen dafa ruwan suna wajen filin, ana turo tururin ta bututun ƙarƙashin ƙasa. Injin yana jan wata babbar sarƙa da ke kama haƙoran da aka jera a bakin da'irar, don haka daga gefe ake tura lilon. An sa masa birki mai aiki da iska na kamfanin Westinghouse, irin wanda jiragen ƙasa ke amfani da shi.

An buɗe baje kolin ranar 1 ga Mayu, 1893 lilon bai kammala ba. Ranar 9 ga Yuni aka yi gwajin juyawa na farko ba tare da taragu ba. Ferris yana Pittsburgh a ranar, ta wayar tangaraho Rice ya sanar da shi cewa gwajin ya yi kyau. Da aka rataya taragun farko, matarsa Margaret tana cikin waɗanda suka fara hawa, tare da Gronau, abin da jaridu suka yayata domin kwantar da hankalin masu tsoro.

Buɗewa da yadda ake hawa

An buɗe lilon ga jama'a ranar 21 ga Yuni, 1893, mako bakwai bayan fara bikin. Ferris ya busa wani usur na zinariya, aka tayar da injin, ƙungiyar makaɗa ta jihar Iowa kuma tana cikin ɗaya daga cikin taragun tana kiɗa.

Taragun guda 36 ne, kowane da girman ƙaramin taragon jirgin ƙasa, an yi su da katako da ƙarfe, da tagogin gilashi da aka rufe da ragar waya. Kowane tarago yana da kujeru 40 masu juyawa, kuma yana ɗaukar mutum 60 idan aka haɗa da na tsaye. Akwai ma'aikaci ɗaya a kowane tarago mai kula da ƙofa da kwantar da hankalin fasinjoji. Taragun suna rataye ne a kan sanduna, don haka nauyinsu yana sa su zauna daidai duk inda da'irar ta kai su.

Kuɗin hawa santi 50 ne, daidai da kuɗin shiga baje kolin kansa. Tafiyar tana ɗaukar minti 20, zagaye biyu. An gina dandamali shida a ƙasa yadda za a sauke a kuma loda taragu shida a lokaci guda, saboda haka zagayen farko yana da tsayawa shida kafin a gama da duka 36. Zagaye na biyu kuwa ana yinsa ba tsayawa, cikin minti tara. Daga sama mai hawa yana ganin fararen gine-ginen baje kolin gaba ɗaya, da birnin Chicago, da tafkin Michigan. Da dare ana kunna ƙwayayen lantarki kusan 3,000 da aka jera a jikin lilon, a lokacin da yawancin gidajen Amurka ba su da wutar lantarki. Ga mafi yawan mahaya wannan ne karo na farko da suka ga gari daga irin wannan tsayi, domin sai bayan shekara goma aka yi tashin farko na jirgin sama mai inji.

A watan Yuli wata guguwa mai ƙarfi ta afka wa filin, Ferris da matarsa da wani ɗan jarida suka hau lilon cikin iskar, kuma bai yi ko gezau ba. Baje kolin ya rufe a ƙarshen Oktoba, lilon ya ci gaba da aiki har farkon Nuwamba. Mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu suka sayi tikiti, kuɗin da aka tara ya haura dala 700,000, kuma ba a samu hatsarin da ya ci ran fasinja ko ɗaya ba. Kason da hukumar baje kolin ta samu ya taimaka mata wajen biyan basussukanta.

Taƙaddama kan wanda ya fara

Lilo mai juyawa a tsaye ya girmi Ferris da ɗaruruwan shekaru. Wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro Della Valle, ya ba da labarin hawa irinsa a birnin Istanbul a 1615. Wani Baturen Ingila, Peter Mundy, ya bayyana ƙananan lilo na katako da ya gani a 1620 a garin Philippopolis, wato Plovdiv ta ƙasar Bulgeriya a yau, lokacin yana ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya, inda yara ke hawa a bikin Sallah, maza kuma na juya shi da hannu.

A Amurka ma, William Somers ya kafa lilon katako guda uku masu tsayin ƙafa 50 a 1892, a Asbury Park da Atlantic City da Coney Island, kuma ya sami takardar haƙƙin ƙirƙira a 1893. Ferris ya taɓa hawa na Atlantic City. Somers ya kai ƙara kotu yana cewa an kwaikwayi fasaharsa. Lauyoyin Ferris suka nuna cewa girman lilon Chicago da ƙarfen da aka yi shi da shi da yadda ake juya shi sun sha bamban da na Somers, kuma ƙarar ba ta yi nasara ba. Masana tarihin fasaha suna danganta wa Ferris sabon abu ɗaya: ɗaukar abin wasan yara na katako ya mayar da shi ginin ƙarfe da lissafin gada, wanda zai ɗaga dubban mutane lafiya. Shi kansa bai nemi haƙƙin ƙirƙira a kan lilonsa ba, don haka waɗanda suka gina irinsa daga baya ba su biya shi komai ba.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

Bayan rufe baje kolin, Ferris ya yi zargin cewa hukumar ta danne masa da masu hannun jarinsa kason da ya dace su samu. Ya shafe shekara biyu yana shari'a a kan haka. Ga kuma masu kawo kaya da ke bin kamfanin bashi. Duk wannan ya zo daidai da karyewar tattalin arziki da ta fara a Amurka a 1893, wadda ta durƙusar da bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa masu yawa, su ne kuwa manyan abokan cinikin kamfaninsa na gwada ƙarfe.

An kwance lilon a 1894, aka sake kafa shi a titin North Clark kusa da Lincoln Park, a arewacin Chicago, inda ya fara aiki a watan Oktoba na 1895. Mazauna unguwar masu hali sun yi adawa da shi, an hana wurin lasisin sayar da giya wanda masu shi suka sa rai zai kawo kuɗi, kuma mahaya ba su zo da yawa ba. Kamfanin ya faɗa hannun masu bin bashi. Ferris ya sayar da yawancin kasonsa a kamfanoninsa na Pittsburgh, kuma a 1896 shi da matarsa suka rabu.

Ya kamu da zazzaɓin taifod, aka kwantar da shi a asibitin Mercy da ke Pittsburgh, inda ya mutu ranar 22 ga Nuwamba, 1896. An ƙona gawarsa, kuma tokar ta yi sama da shekara guda a wurin masu ƙona gawa ba wanda ya zo karɓa.

Makomar lilon

Lilon ya ci gaba da juyawa a titin North Clark har 1903, lokacin da aka yi gwanjonsa, kamfanin Chicago House Wrecking Company ya saya. An kai shi birnin St. Louis ta jirgin ƙasa domin baje kolin duniya na 1904, inda ya sake ɗaukar 'yan kallo. Bayan bikin ba a samu mai saye ba, kuma kuɗin kwancewa da ɗauka ya yi yawa. Ranar 11 ga Mayu, 1906 aka rushe shi da nakiya, aka sayar da ƙarafan ga 'yan gwangwan. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan biyu da rabi ne suka hau shi a wuraren nan uku.

Tasiri

Tun Ferris yana raye aka fara kwaikwayonsa. An gina wani lilo mai mita 94 a Earl's Court da ke Landan a 1895. A 1897 aka buɗe na birnin Vienna a Ostiriya, mai kusan mita 65, wanda har yanzu yana aiki. Faris ta gina nata domin baje kolin 1900. A ɗaya ɓangaren, William E. Sullivan, wani magini da ya hau lilon Chicago a 1893, ya ƙera ƙarami mai ƙafa 45 wanda ake kwancewa a ɗauka daga gari zuwa gari, ya fara nuna shi a Jacksonville ta jihar Illinois a 1900, daga baya ya kafa kamfanin Eli Bridge. Irin waɗannan ƙanana su ne suka bazu a wuraren wasan yara na duniya, har da na biranen Najeriya, inda suke cika da yara a ranakun Sallah.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 manyan birane suka koma gina katafaren lilo a matsayin wurin yawon buɗe ido na dindindin. London Eye, mai mita 135 a bakin kogin Thames, ya fara ɗaukar jama'a a shekarar 2000. Yana da ɗakunan gilashi 32, kuma zagaye ɗaya yana cin kusan rabin awa. Na birnin Nanchang a ƙasar Sin, mai mita 160, ya biyo baya a 2006, sai Singapore Flyer mai mita 165 a 2008, da High Roller na Las Vegas mai sama da mita 167 a 2014. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe Ain Dubai mai mita 250, wanda ya ninka na Ferris sau uku. Waɗannan na zamani suna juyawa a hankali yadda yawanci ba sai an tsayar da su ba kafin fasinja ya shiga, kuma da yawansu suna amfani da igiyoyin ƙarfe da aka ɗaure tamau tsakanin cibiya da baki, dabarar ƙafar keke da Ferris ya bi. Chicago ta kafa wani lilo a Navy Pier a 1995, aka maye gurbinsa da wanda ya fi shi girma a 2016.

Sunan lilon a harsuna

A Ingilishi sunan Ferris ya zama sunan abin kansa, ko wane kamfani ne ya ƙera shi. Wasu harsunan sun bi siffar abin ne. Faransanci da Jamusanci suna kiransa da kalmomin da ke nufin babban wili, Turkanci kuma yana kiransa da abin da ke nufin kabad mai juyawa. A Hausa kalmar lilo, wadda asalinta ta igiyar da yara ke ɗaurawa a reshen itace suna shillo ce, ita aka faɗaɗa ta ta ƙunshi wannan da sauran abubuwan hawa na wuraren wasa.

Tunawa da shi

Makarantar Rensselaer ta sanya Ferris cikin jerin fitattun tsofaffin ɗalibanta a 1998. A ranar 28 ga Yuni, 2001 birnin Pittsburgh ya ayyana gidan da ya zauna, mai lamba 1318 a titin Arch, a matsayin ginin tarihi. Gidan mahaifinsa na Carson City yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar Amurka. A ranar 14 ga Fabrairu, 2013 kamfanin Google ya sa zanen lilo a shafinsa na farko domin cikar shekara 154 da haihuwarsa.